Kallon sumo a Tokyo: zaman ƙasa ko kujerar bene?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya: zai je Tokyo a watan Mayu tare da abokinsa, suna son kallon sumo, kokawar gargajiyar Japan, a zauren Ryogoku Kokugikan, to wane tikiti ya fi, masu-seki ko isu-seki?

Masu-seki ɗan shinge ne a hawan ƙasa, kusan mita 1.3 kowane gefe, da matasai huɗu a ciki. Takalmi ake cirewa, a tanƙwashe ƙafa a zauna. Daɗinsa kusanci da fage: ana jin ƙarar karon farko, ana ganin gishirin da 'yan kokawa ke watsawa kafin a kama. Amma galibi shingen gaba ɗaya ake sayarwa, ku biyu kuɗin mutum huɗu za ku biya. Idan kuwa manya huɗu suka cika shi, ba a daɗewa ƙafa ta yi tsami, ga jaka ba wurin ajiyewa. Mai ciwon gwiwa kada ma ya fara.

Isu-seki kujera ce a bene, kowa da tasa, kuɗinta kuma bai kai na shinge ba. Daga sama da'irar fagen, mai faɗin mita 4.55, tana fita sarai, har an fi gane yadda aka tura mutum waje. Fuskoki ne ba a gani sosai daga layukan baya, sai an riƙe abin hangen nesa.

Ku biyu, a ganinmu, ku nemi kujerar bene ta layin gaba. Shinge sai in aljihu ya yarda ku biya na mutum huɗu ku miƙe ƙafa.

Abin da ya fi kayar da baƙo shi ne lokaci. Gasar kwana 15 ce, daga Lahadi zuwa Lahadi, ana kuma fara sayar da tikiti kimanin wata guda kafin nan. Na Asabar da Lahadi da ranar rufewa su ke fara ƙarewa, don haka ku auna tsakiyar mako. Ƙananan 'yan kokawa ke buɗe fage da safe, zaure kusan wayam. Manya, 'yan rukunin makuuchi, sai wajen ƙarfe 4 na yamma suke kamawa, a tashi ƙarfe 6. Shiga da misalin ƙarfe 2 ya wadatar, ku samu ganin rukunin juryo, mai bi wa makuuchi, da bikin shigowar yokozuna, masu matsayi mafi girma a sumo. Sau ɗaya tak ake barin mutum ya fita ya dawo, sai ku tsara sallarku da cin abinci a kan haka.