Yadda kamfanin jirgin sama ya ɗauke ni da kekena mai batir daga Kano zuwa Jidda

Shan inna ta taɓa mini ƙafafu tun ina ƙarami, kuma shekara huɗu ke nan da na ajiye sanduna a tafiya mai nisa, na koma ga wani ƙaramin keken lantarki mai ƙafa uku da sitiyari irin na babur, wanda ake naɗewa a saka a bayan mota. Da na ɗaura niyyar umara, iyalina sun ba ni shawarar in bar shi a gida in dogara da masu tura keken guragu, amma wanda ya saba zuwa inda yake so a lokacin da yake so ya san nauyin zaman jiran a turo shi. Na tafi da kekena, na kuma dawo da shi. Wannan bayani ne a kan hidimar da na samu daga kamfanin jirgin, wanda ba zan ambaci sunansa ba.

Matakin farko, wato neman izini, shi ne inda kamfanin ya fi burge ni. Ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta sanya batirin litiyam cikin kaya masu haɗari saboda yana iya kamawa da wuta, don haka sai da amincewar kamfani ake shiga jirgi da irin wannan keke, kuma yawancin kamfanoni suna son a sanar da su aƙalla awa 48 kafin tashi. Ni na rubuta musu tun saura mako biyu. Washegari suka aiko da fom suna neman nauyin keken, da tsawonsa da faɗinsa idan an naɗe shi, da nau'in batirin, da ƙarfinsa a ma'aunin Wh, wato yawan wutar da batirin ke iya riƙewa. Wannan lamba ta ƙarshe ita ce jigon tafiyar baki ɗaya. Batirin litiyam da ake cirewa daga jikin keke bai kamata ya wuce 300Wh ba, kuma da shi fasinja zai shiga cikin jirgi a hannunsa, an rufe bakin wayoyinsa don kada su haɗu. Ana yarda da batirin ko-ta-kwana guda ɗaya wanda bai wuce 300Wh ba, ko guda biyu da kowannensu bai wuce 160Wh ba. A jikin nawa an rubuta 24V da 12Ah ne kawai, sai na ninka 24 sau 12 na samu 288Wh. Bayan kwana uku izini ya fito a rubuce, aka saka lambar WCLB a bayanan tikitina, wadda ke nuna cewa fasinja yana da keke mai batirin litiyam, kuma ba a karɓi ko kwabo a kan keken ba, ba a kuma lissafa shi cikin nauyin kayana ba.

A teburin awon kaya ne lamarin ya canza. Ma'aikaciyar kamfanin ta dubi keken, ta dubi batirin da ke kan cinyata cikin jakarsa, ta ce: "Alhaji, wannan ba zai shiga ciki ba, sai dai a mayar da shi jikin keken a saka a ƙasa tare da kaya." Na miƙa mata takardar izinin da ofishinsu ya ba ni, na nuna mata lambobin da ke jikin batirin, amma ta ce ita abin da ta sani shi ne ba a wuce 160 ba. Wannan iyaka gaskiya ce, sai dai ta batirin kwamfuta ce da na kyamara da makamantansu, kuma ba ta shafi kayan tafiyar masu buƙata ta musamman ba. Mun kwashe fiye da minti arba'in layi yana tsaye a bayana, mutane suna leƙe, har sai da shugabanta ya zo. Shi kuwa kallo ɗaya ya yi wa takardar ya ce: "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, komai naka daidai yake," sannan ya cike takardar da ake sanar da matuƙin jirgi inda batirin zai kasance. Ban ga laifin yarinyar sosai ba, domin a fili yake ba a koya mata ba. Laifin na kamfanin ne da ya horar da mutanen ofis ya manta da waɗanda fasinja zai tarar a gabansa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ko da yake karin maganar ba ta yi wa irina daɗin ji, ta dace da wanda ya karɓi kuɗin tikiti ya kuma ba da izini da hannunsa.

Daga nan abubuwa suka tafi lafiya. An bar ni na mayar da batirin na tuƙa kekena har bakin ƙofar fita, a can na sake cire shi, na zare makulli, na naɗe sitiyarin na ɗaure shi da igiyar roba. Na riga na liƙa takarda a jikin kujerar, da Turanci da Larabci, mai bayanin inda za a kama a ɗaga da kuma ƙaramin sandan da ake turawa idan ana so tayoyin su sake a iya gungura keken. Samari biyu suka mayar da ni kan siririyar kujerar da ke iya bi tsakanin layukan kujerun jirgi, suka ɗaure ni da bel, kuma sai da suka tambaye ni yadda nake so a ɗaga ni kafin su taɓa ni, abin da ba kowa ke tunawa da shi ba. Ma'aikatan cikin jirgi sun ba ni kujerar gefen hanya mai hannun da ke ɗagawa. A Jidda an kawo mini keken a bakin ƙofar jirgi ba tare da ko ƙwarzane ba.

Dawowa ce ta ɓata lissafi. Na jira har kowa ya fita, kamar yadda aka saba da irinmu, amma keken bai zo ƙofa ba, sai aka turo ni a keken kamfani zuwa wurin karɓar kaya. A can na hango shi yana zagayawa a kan bel ɗin akwatuna, kwance a kan gefensa, wata ƙatuwar jaka ta danne sitiyarin. Murfin robar gaba ya tsage daga sama har ƙasa, ƙaramin sandan sakin tayoyi ya karye, kuma takardar da na liƙa tana nan daram, alamar ba wanda ya tsaya karanta ta. Na san cewa ƙofar ɗakin kaya ta wasu jirage masu hanya ɗaya a tsakiya ba ta kai mita ɗaya a tsayi ba, shi ya sa ake kwantar da manyan kekuna, amma nawa naɗaɗɗe ne mai kilo 27, babu hujjar jefa shi cikin akwatuna.

Ban bar wurin ba sai da aka cike mini takardar rahoton lalacewar kaya da ake kira PIR, na kuma ɗauki hotuna don in haɗa da waɗanda na ɗauka kafin in miƙa keken. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999 kan sufurin jiragen sama tsakanin ƙasashe, wadda Nijeriya da Saudiyya duka suke cikinta, ta ba fasinja kwana bakwai ya shigar da ƙorafi a rubuce, kuma a ƙarƙashinta keke kaya ne kamar kowane akwati. Tun daga ƙarshen Disamban 2024 iyakar diyyar ta kai SDR 1,519 (SDR ma'aunin kuɗi ne na Asusun Ba da Lamuni na Duniya), wato wajen dala dubu biyu, kuɗin da zai iya sayen keke irin nawa amma ba zai kusanci farashin manyan kekunan da ake ƙera wa mutum daidai da jikinsa ba. A Amurka, a jiragen cikin gida, doka ta cire wannan iyaka ga kekunan naƙasassu. Mu kuma muna da dokar hana nuna wariya ga naƙasassu ta 2018, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, kuma na ambace ta a wasiƙata.

Kamfanin ya amsa bayan kwana tara, ya nemi rasit ɗin gyara, ya biya cikin mako biyar ba tare da jayayya ba. Abin da bai yi ba shi ne ba ni keken aro, don haka na yi mako biyu a kan sanduna kafin wani mai gyaran babur ya ƙera mini sabon sandan da ƙarfe. A wajen ofis da ma'aikatan cikin jirgi na ba kamfanin cikakken maki, a teburin awo na ba shi rabi, a wajen sauke kaya kuwa ban ba shi komai ba. Zan sake bin sa idan Allah ya nufa, amma da awa huɗu a hannuna kafin tashi, da kwafi biyu na takardar izini, kuma keken zai shiga cikin jakar kariya mai soso wadda na riga na ba tela ya ɗinka.