Na tarar da zoborodo a unguwar 'yan Meziko a Shikago

Yaya, gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da su Inna da yara baki ɗaya. Ya kasuwa, ya mutanen Dawanau? Kwanakin baya ka tambaye ni a waya inda nake cefane a nan Shikago ta Amurka, na ce ka bari sai na zauna na rubuta, domin maganar tana da tsawo kuma ta taɓa sana'arka.

Shekarata ta farko a manyan shaguna na yi ta sayayya, irin waɗanda za ka shiga ka fita ba wanda ya ce maka ci kanka. Kaya tsaf, sanyi ko'ina, amma tumatir ba ƙamshi, barkono kuma sai kala. Wani abokin aikina ɗan Meziko ne ya ga ina ƙorafi a kan yaji, ya ce ranar Asabar in biyo shi unguwarsu. Sunanta Little Village, su kuma La Villita suke ce mata, tana kudu maso yammacin gari. A bakin Titi na 26 akwai wata ƙofa da aka gina a 1990, da agogo a samanta, an rubuta "Bienvenidos a Little Village", wato barka da zuwa. Kana wuce ta Turanci zai ja baya, Sifaniyanci ya karɓi titi. Masu tura amalanke suna kaɗa ƙararrawa suna sayar da ƙanƙara mai 'ya'yan itace, ga hayaƙin gasasshiyar masara, ga kiɗa na fitowa daga shaguna. Tun da na baro gida ban ji ina cikin kasuwa ba sai a ranar.

A wani ƙaramin gidan abinci na ga manyan tuluna na gilashi guda uku jere a kan kanta, ɗaya ja, ɗaya fari, ɗaya ruwan ƙasa. Na nuna jan, matar ta ce "jamaica" (su "hamaika" suke furtawa). Ta tsoma ludayi ta cika min kofi da ƙanƙara. Kurɓa ɗaya na yi na ajiye kofin ina kallonta. Zoɓo ne, Yaya, zoɓonmu sak, sai dai babu citta babu kanumfari, ruwa da sukari kawai. Mai ruwan ƙasar nan kuwa tsamiya ce, suna kiranta tamarindo. Farin shi ne horchata, wanda a ido za ka rantse kunun aya ne, amma da shinkafa da kirfa suke yinsa. Na aya a ƙasar Sifaniya ake yi.

Ka fi ni sanin cewa Meziko ce babbar mai sayen zoborodon da Nijeriya ke fitarwa, kuma daga Jigawa da Kano da Katsina yawancinsa yake tashi. Na sha ganin ana loda buhunan a gaban rumfarka ban taɓa tunanin inda suke ƙarewa ba. A shagon kayan masarufi na same shi kashi biyu. Akwai na zube a cikin kwando, ka ɗiba da cokali a auna maka a sikeli, akwai kuma wanda aka ƙulle a 'yar leda mai haske, da suna da nauyi da farashi a jiki. Na ɗauki leda ɗaya na jujjuya. Babu tsakuwa, babu kara, babu ƙura a gindin ledar, furen kuma bai farfashe ba. Da na lissafa kuɗin 'yar ledar nan a naira sai jikina ya yi sanyi, domin na san abin da manomin Maigatari yake karɓa a kan buhu bayan ya sha ƙaiƙayin ɓara. Tsakanin buhunsa da ledar nan ba wani aikin inji mai wuya, tsincewa ce da tankaɗe da ƙulli mai kyau. Wannan abu ya tsaya min a rai har yau.

Masara ce tuwonsu. Asalinta ma daga ƙasarsu ta fito, dubban shekaru kafin ta iso mana, kuma sun san kanta fiye da mu. Ba sa niƙa ta haka nan. Sai sun dafa ta da farar ƙasa, wadda suke kira cal, ta kwana a ruwan, a wanke, dusar ta saɓule, sannan a niƙa ta jiƙe ta zama ƙullu. Wannan dahuwar ce ke sa ƙullun ya haɗe ya yi danƙo, kuma tana sa jiki ya fi cin moriyar masarar. Da ƙullun ake yin tortilla, wata 'yar faifai siririya da ake gasawa a kan tanda ba mai. Akwai gidajen da aikinsu ke nan, kamar El Milagro da ke gari tun 1950, kuma da safe za ka tarar da ƙunshin a shago da ɗuminsa a cikin takarda. Yana da arha ƙwarai, ya fi burodi sauƙi. Ni da miyar kuka nake ci in na gaji da tuƙa tuwo, kuma yana shiga. Suna da kunun masara mai kauri, atole, da mata ke sayarwa da asuba a bakin titi lokacin sanyi, kamar dai masu koko a gida. Mazarƙwaila ma na gani, dunƙule kamar ƙaramar hula, sunanta piloncillo.

Barkono kuwa sai ka ga bango guda. Jalapeño da serrano ɗanyu, guajillo da ancho busassu, da habanero wanda ɗan'uwan attaruhu ne a zafi da ƙamshi. Da shi nake miya yanzu.

Inda nake taka-tsantsan shi ne nama. Mutanen nan suna cin alade sosai, kuma kitsensa, manteca, yana shiga inda ba ka zata, har cikin dafaffen wake da tamales, wani ƙullun masara da ake naɗewa a ɓawonta a turara kamar alale. Akwai naman da ake jerawa a tsinke a tsaye yana juyawa, kamar shawarma, sunansa al pastor. Daga 'yan Lebanon da suka yi ƙaura zuwa Meziko aka samo salon, amma alade ne. Kalmomin da na fara haddacewa su ne "sin puerco, sin manteca", ba alade ba kitsensa. Abin da ya burge ni, ba su taɓa ɓoye min ba. Wata dattijuwa mai tamales da kanta ta janye hannunta ta ce kada in saya, domin da kitsen alade ta yi su duka. Naman miya kam sai na tafi Titin Devon, can arewacin gari, inda mahautan Musulmi suke.

Ciniki babu a shago. Farashi a rubuce yake, awo da fam ake yi (fam ɗaya bai kai rabin kilo ba, giram 454 ne), ba mudu ba tiya. Kuma kuɗin da ka gani a jikin kaya ba shi za ka biya ba, sai a wurin biya ake ɗora haraji. A gidan abinci mai zama kuma sai ka ƙara wa mai kawo abinci wani abu, domin da shi albashinsa yake cika. Amma mu'amalar ta gida ce. Mai shagon da nake zuwa ya san ni, yana kirana "primo", wato ɗan'uwa, yana tambayar iyali, wani lokaci ya jefa min lemon tsami biyu gyara.

Wani abu da za ka gane nan take shi ne yawan shagunan tura kuɗi. Ranar Juma'a da yamma layi ne na magina da masu wanke-wanke a gidajen abinci, kowa da takardarsa a hannu. A 2023 kuɗin da 'yan Meziko na waje suka aika gida ya haura dala biliyan 60. Ina tsayawa a layin nan tare da su in zan turo wa Inna, kuma ba sai an yi magana ba mun san abin da ya kawo mu.

Unguwarsu ta biyu ita ce Pilsen, wadda ta samo suna daga wani gari a ƙasar Cek, domin mutanen can ne suka fara zama kafin 'yan Meziko. Bangayen gidaje duk zane ne manya-manya. Akwai gidan tarihin fasahar Meziko da aka buɗe a 1987, shiga kyauta, na kai yara sun sha kallo. Sai dai haya tana ta tashi a wurin, iyalai da yawa sun tattara sun koma gefen gari.

Yaya, na sayi leda biyu ta zoborodon, iri daban-daban, zan ba mai zuwa Kano a ƙarshen wata ya kawo maka. Kada a buɗe su a sha. Ka duba tsaftar furen da yadda aka like bakin ledar da abin da aka rubuta a jiki, sannan ka gaya min nawa ake sayar da buhu a Dawanau a bana, da nawa mata masu tsincewa suke karɓa a yini. Ka gaida Inna, ka ce mata kukar da ta aiko ta kusa ƙarewa.