Tukunyar narki ta girafait da na saya a Owode Onirin

Ga masu zubin ƙarfe irina a nan Legas, wannan tukunyar ta yumɓu da girafait ta cancanci kuɗinta, amma da sharaɗi. Aikina zuba faranti ne na injin markaɗe da ƙananan fula, wato wilin da bel ɗin inji ke juyawa a kai, kuma murhuna na baƙin mai ne da bulowa mai hura iska. Na saye ta a wani shago cikin kasuwar ƙarfe ta Owode Onirin, kan hanyar Ikorodu.

Mai shagon ya yi mini adalci. Da ya ga na ɗauki wata ta silikon kabaid, wani sinadari mai tauri na silikon da kabon, wadda ta fi kyau a ido, sai ya ce, "Alhaji, me za ka narka?" Na ce baƙin ƙarfe. Ya ce in ajiye ta, ta masu alminiyam da tagulla ce, ƙarfe cinye ta yake yi. Gaskiya ya faɗa.

Girafait shi ne baƙin nan na cikin fensir, kabon ne zalla. Narkakken jan ƙarfe ba ya kama shi, sai dai ya dunƙule a kansa kamar ruwa a ganyen gwaza, shi ya sa tukunyar masu tagulla take daɗewa. Baƙin ƙarfe kuwa halinsa daban. In kabon ɗin jikinsa kaɗan ne, shimfiɗewa yake yi a bangon tukunya, ya jiƙa shi, ya riƙa shan kabon daga ciki har sai ya ƙoshi. Rodi da ragowar falankin ƙarfe ba su kai kashi 0.3 cikin ɗari na kabon ba, kuma sai zafi ya kai wajen digiri 1,500 suke narkewa. Bulok na inji da diram ɗin birki kuwa suna ɗauke da fiye da kashi 3, suna narkewa tun wajen digiri 1,200. Bambancin nan shi ke yanke wa tukunya kwananta.

Na gani da idona. Muddin fasassun bulok nake loda mata, cikinta sumul yake fitowa, ƙarfen ya zubo tsaf ba ya maƙalewa. Lokacin da bulok ya yi tsada wajen 'yan jari-bola, na haɗa da guntayen rodi, sai ga zaizaya ta bayyana a bango daidai inda ruwan ƙarfen ya tsaya. Yanzu in dole ta sa zan haɗa, garin girafait nake fara zubawa a ƙasa, ƙarfen ya sha daga nan maimakon jikin tukunyar. Gawayin kok, wato gasasshen kwal, ma yana yi, sai dai tokarsa kan yi shamaki tsakaninsa da ƙarfe, ga sulfa, wato farar wuta, da ke cikinsa tana rage saurin shan. Ko manyan murhunan masana'anta, irin wanda aka gina a Ajaokuta, da tubalin kabon ake shimfiɗe gindinsu, kuma irin wannan zaizayar injiniyoyi ke yaƙi da ita.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne rufin gilashin da ke bayanta bai da kauri. Inda ya goge, wuta da iska na cin girafait ɗin, wurin ya yi fari-fari ya fara marmashewa. Ba ta zo da wata takardar bayani ba kuma, alhali sabon shiga na buƙatar a faɗa masa kada ya ajiye ta a kan siminti. Laimar Legas da damina shiga jikinta take yi, kuma jiƙaƙƙiyar tukunya in ta haɗu da wuta mai ƙarfi tsagewa take yi, da narkakken ƙarfe a gaban mutum. Ni a kan katako nake kifa ta kusa da murhu, in gasa ta a hankali kafin lodi.

Awartakin ɗauka ma a ƙera shi daidai cikinta, ya rungume ta daga tsakiya, kar a kama ta a leɓe. In ta ƙare irinta zan sake saya, wadda ta ɗan fi ta girma.