Wata biyar Umma tana sallah a kan kujera: abin da muka tarar a wurin gashin ƙashi

Ranar Alhamis da asuba Umma ta kai goshinta ƙasa, ta ɗago, ɗaki bai juya da ita ba. Ban ma tayar da tawa sallar ba, ina tsaye a gefenta hannuna a shirye don in tare ta, sai na ga ta dafa gwiwa ta miƙe zuwa raka'a ta biyu ita kaɗai. Rabonta da sujada tun watan Rajab. Da ta sallame ba ta ce uffan ba, carbi kawai take ja hawaye na zuba. Saboda wannan asubar na ga ya wajaba in faɗi abin da muka gani a wani wurin gashin ƙashi mai zaman kansa a nan cikin garin Kaduna, mai daɗin da marar daɗin.

Jiri ne ya kama ta, amma mai lokaci. In ta juya ɓangaren dama a kan gado, ko ta sunkuya ruku'u, ko ta ɗaga kai za ta shanya kaya a igiya, sai ta ce duniya ta kife. Ba ya kaiwa minti ɗaya, amma tashin zuciyar da yake bari sai ya wuni. Mun auna jini ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, bai hau yadda zai kawo haka ba. Mai kemis ɗin layinmu a Tudun Wada ya ba mu ƙwayar jirin nan da kowa ya sani, sinarizin, ta yi ta sha tana wuni barci, jirin kuma yana nan da zarar ta juya. 'Yan'uwa suka ce iska ce, aka yi tofi aka yi hayaƙi. Azumi guda ta yi tarawihi a kan kujerar roba, matar da take tafiya masallaci da ƙafarta tun ina yarinya. Wata rana da dare ta fita alwala ba wuta, ta faɗi a bakin banɗaki, Allah Ya kiyaye ƙugu bai karye ba.

Wata maƙwabciyarmu nas ce ta ce mu kai ta wurin masu gashi. Ban yarda ba da farko. A sanina can ana kai wanda ya karye ne ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, mene ne haɗin jiri da gashi? Don dai mun rasa yadda za mu yi ne muka tari Keke muka tafi.

Wata matashiyar likitar gashi ce ta karɓe mu, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Umma ta dube ta ta dube ni. Amma da ta fara tambaya sai jikina ya ba ni cewa ta san aikinta. Ta fi minti 20 ba ta taɓa Umma ba. Mama, kunnen yana ƙara? Ji ya ragu? Baki ya taɓa karkacewa, ko magana ta harɗe? Kina ganin abu biyu-biyu? Akwai ciwon wuya? Jirin yana zuwa kina zaune shiru, ko sai kin motsa kai? Ta sa ta taɓa hancinta da yatsa sannan ta taɓa yatsan likitar, ta sa ta bi biro da ido. Ta ce ta haɗe ƙafa ta tsaya, ta tsaya lafiya. Ta ce ta rufe ido, nan take Umma ta fara tangaɗi sai da muka riƙe ta.

Sai ta zaunar da ita a kan gado, ta karkata mata kai ɓangaren dama, ta ce, "Mama, zan kwantar da ke da sauri, jirin zai zo. Kada ki rufe ido, ni ki kalla, ina riƙe da ke." Ta kwantar da ita rigingine, kai ya ɗan zarce bakin gado. Daƙiƙa uku ko huɗu shiru. Sai Umma ta ƙwalla salati, ta damƙi hannun yarinyar nan da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Wallahi saura kaɗan in ture ta in ɗago mahaifiyata. Ta ce mini, "Aunty, zo ki ga idonta." Na leƙa. Ƙwayar idon Umma tana fizga da kanta, tana murɗawa tana komawa, tana murɗawa tana komawa, abin da ban taɓa gani a idon ɗan Adam ba. Bai kai rabin minti ba ya lafa. Likitar ta yi murmushi ta ce, "Alhamdulillahi. Kunnen dama ne, kuma irin wanda ake gyarawa da hannu ne."

Ba ta ɗago ta ba. Tana kwancen ta juya mata kai a hankali zuwa hagu, ta jira kamar minti ɗaya. Ta ce ta mirgina gaba ɗaya a kan kafaɗar hagu har hancinta ya kalli ƙasa, jirin ya sake tasowa kaɗan, ta jira ya wuce. Sannan ta zaunar da ita, haɓa a ɗan sunkuye. Ta bar ta ta huta, ta ba ta roba ko amai zai zo, ta sake maimaitawa. A karo na uku da ta kwantar da ita kamar na farko, ido bai motsa ba. Umma ta yi shiru tana jiran abin ya zo, bai zo ba. Ta ce, "'Yar nan, ina ya tafi?" Ba allura, ba ƙwaya, ba na'ura. Duka-duka minti 15.

Da na ce ta yi wa Allah ta faɗa mini abin da ta yi, sai ta jawo wani siririn tiyo da ta lanƙwasa kamar awarwaro, da ruwa da 'yan tsakuwoyi a ciki. Ta ce can cikin ƙashin kai, bayan dodon kunne, kowane ɓangare yana da 'yan bututu uku irin wannan cike da ruwa, kowanne ya fuskanci wani gefe daban, su ne suke gane juyawar kai, ko gyaɗawa, ko girgizawa, ko karkatawa zuwa kafaɗa. Kusa da su akwai wata 'yar jaka mai ƙananan tsakuwoyi da ido ba ya gani, na sinadarin da ke cikin ɓawon ƙwai, su ne suke faɗa wa ƙwaƙwalwa ina ne sama ina ne ƙasa. Da shekaru, ko bayan buguwar kai, wasu sukan ɓalle su faɗa cikin bututun baya, don shi ne ya fi yin ƙasa. In mutum ya juya, sai su gangara su ja ruwan, jijiyar kunne ta kai saƙo cewa ana juyawa alhali mutum yana kwance. Ƙwaƙwalwa kuma an halicce ta ne ta riƙa daidaita ido da motsin kai, shi ya sa za ka iya karanta allon shago kana tafiya. Sai ta kama fizgar ido don ta bi juyin da babu shi. Abin da likitar ta yi, gangaro da tsakuwoyin ta yi, kwana bayan kwana, har suka koma jakarsu. Ta ce dabarar tana ɗauke da sunan wani likitan kunne Ba'amurke, John Epley, wanda ya fito da ita a 1980, shi kuwa gwajin kwantarwar likitoci biyu ne a Landan, Dix da Hallpike, suka bayyana shi tun 1952. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan har yanzu. An san abin nan tun kafin a haife ni, mu kuma muka shafe wata biyar muna ɗura wa tsohuwa ƙwayar barci.

Sai ta koma kan tangaɗin da Umma ta yi da ta rufe ido, ta ce wannan wata magana ce daban. Tsayuwar mutum kamar tukunya ce a kan murhu mai duwatsu uku: ido, da cikin kunne, da kuma jin da ke tafin ƙafa da gaɓoɓi da tsoka, wanda yake hawa ta laka zuwa sama. Duka ukun suna haɗuwa a gindin ƙwaƙwalwa da wani sashe da ke ƙeya, ƙarami ne a ido amma fiye da rabin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa a nan suke. Shi ne yake ta gyara tsokar ƙafa da ta baya, a matse nan a saki can, ba tare da mutum ya sani ba. Umma tana da ciwon suga shekara da shekaru, ya rage mata ji a tafin ƙafa. Ga kunne ya rikice. Ido kaɗai ya rage mata, shi ya sa daren da ba wuta ta faɗi. Ta ce mu ajiye fitila mai caji a hanyar banɗaki, mu rabu da silifas mai santsi, mu cire ƙaramin kafet ɗin da ke bakin ƙofa, mu kuma kai ta a duba ido. Ta nuna mata motsa jiki a jikin bango, a tsaya ƙafa ɗaya gaban ɗaya ana dafe, a tashi daga kujera a zauna. Ƙwayar jirin kuwa ta ce mu koma wurin likitan sugarta a yi maganar dainawa, don tana dusashe wurin da ya kamata ya sake koyon daidaito, ga shi daɗewa a kanta ba shi da kyau ga tsofaffi. Ta gargaɗe mu cewa tsakuwar takan sake ɓallewa, in ya dawo ya ƙi jin hannu za ta tura mu Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna. In kuwa jiri ya zo da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu, ko matsanancin ciwon kai, kada mu zo wurinta, mu wuce asibiti kai tsaye.

Da a ƙofar ɗakin nan labarin ya ƙare, da babu abin da zan ce sai addu'a. Amma yanzu da nake rubutawa zuciyata ta sake tafasa, don na tuna saukowarmu.

Wurin a saman bene yake. Wurin da ake kawo masu shanyewar jiki da masu jiri da tsofaffi, a saman bene. Da za mu hau na ga samari biyu sun kinkimo mahaifinsu a kan kujerar roba suna nishi, bawan Allah ya rufe ido don kunya. Matakalar tayil ce mai sulɓi, ƙarfen dafawa gefe ɗaya ne kawai kuma yana girgiza. Muna fitowa aka ɗauke wuta, ba taga a wurin, ba a tada janareto ba, ga shi an goge ƙasa ba ta bushe ba. Matar da yanzu aka gama gaya mana cewa ido ne kaɗai ya rage mata, ita aka sako cikin duhu a kan jiƙaƙƙen tayil. A mataki na huɗu ƙafarta ta zame. Na rungume ta ta baya, gwiwata ta daki gefen matakala, har yau tabon yana nan. Na yi ihu, babu wanda ya leƙo. Da fitilar wayata muka ƙarasa sauka a zaune, mataki-mataki. Yaya za a yi a cikin ɗaki ana koya mana mu haskaka hanyar banɗaki, a bakin ƙofarsu kuma ga wannan?

Sai maganar kuɗi. Tun kafin kowa ya ga Umma, mai karɓar kati ta dage sai mun biya zuwa goma a dunƙule, wai tsarinsu ke nan.  Da ƙyar da magiya ta yarda da biyar. Ita kuwa likitar da bakinta ta ce zuwa ɗaya ko biyu ya isa, a dawo bayan mako a sake gwadawa. Muka dawo bayan mako, aka ce ba ta nan. Wani namiji ne ya karɓe mu, bai buɗe fayil ba, bai kalli idon Umma ba, bai kwantar da ita ba. Ya ji an ce jiri, ya ce ta janye hijabi, ya haska mata jar fitilar gashi a wuya, ya manna mata wayoyin lantarki a kafaɗa, ya fita. Umma ta kama gefen hijabinta ta dube ni, ta ce, "Ke, tashi mu tafi gida." Tun da nake ban taɓa ganin ta takura haka ba. Na nemi a kira mana mace, aka ce babu. Na nemi a mayar mana da kuɗin sauran zuwan, aka ce ba a mayarwa, sai dai mu ba wani mutum katin.

Don haka in kun tambaye ni ko ku je, ban san amsa ɗaya da zan ba ku ba. Yarinyar nan, Allah Ya yi mata albarka, Ya ƙara mata sani, Ya jiƙan mahaifanta. Umma tana sa ta a addu'a bayan kowace sallah, kuma a sujada take yi. Masu wurin kuwa ban yafe musu matakalar nan ba, don ba kowa ne yake zuwa da mai tare shi ta baya ba. In za ku kai tsoho, ku kira tukuna ku tabbatar mace mai duba jiri tana nan ranar, ku je ku biyu majiya ƙarfi, ku riƙe fitila, kada ku biya fiye da zuwa ɗaya ko me aka ce muku.

Kwana huɗu bayan zuwan farko Umma ta yi ta jin kanta kamar ba nauyi, kamar yadda aka gaya mana za a yi, sannan ya washe. Yanzu mako na bakwai ke nan jirin bai dawo ba. Kujerar robar ta koma tsakar gida, jikoki ne suke hawa. Akwai sauran zuwa uku a katinmu. Umma ta ce ita da benen nan har abada, amma ta ƙulla turaren wuta da atamfa a leda ta ce lallai in kai wa 'yarta likita hannu da hannu. Sau biyu ina zuwa ba na samunta, ledar tana nan a jakata.