Na sa wa Flight Simulator SSD, ga abin da ya canja da wanda bai canja ba

Jama'a tun da na faɗa a cikin abokai cewa na sayi SSD, wato faifan ajiya mai sauri, saboda wasan tuƙin jirgi ake ta tambayata wai FPS, wato yawan hotunan da wasan yake zanawa a sakan ɗaya, nawa ya ƙaru, to bari in amsa tun daga farko kada wani ya je ya zubar da kuɗinsa ya dawo yana zagina, FPS bai ƙaru ba. Ko ya ƙaru to ni dai idona bai gani ba, lambar da nake gani a da ita nake gani yanzu. Amma kuma duk da haka da za a ce in mayar da shi shago a ba ni kuɗina wallahi ba zan mayar ba, kuma zan faɗi dalili.

Kwamfutata ba wata ta a zo a gani ba ce, ta tebur ce da na harhaɗa a hankali, furosesa Ryzen 5 3600, katin hoto GTX 1660 Super mai giga 6, RAM giga 16. Windows yana kan wani ƙaramin SSD mai giga 240 tun tuni, shi kuwa wasan, Microsoft Flight Simulator na 2020 wanda kamfanin Asobo na Faransa suka yi, ba yadda za a yi ya shiga wurin tunda su kansu giga 150 suka ce ka tanada, sai na jibge shi a kan tsohon faifan HDD mai tera 2, irin mai juyawa sau 7200 a minti ɗin nan. Haka na yi ta fama fiye da shekara. Duk wanda ya taɓa buɗe wasan nan a kan HDD ya san abin da nake nufi, ka danna shi ka tashi ka je ka dafa shayi ka dawo yana nan yana duba ofdet, ka zauna ka sha rabin kofi kafin babban shafi ya fito, sannan ka zaɓi fili da jirgi ka danna tashi, wani sabon jiran kuma. Ni da wutarmu ba tabbas gare ta ba, sau nawa ana ɗauke wuta ina kallon sandar lodin tana jan ciki ko titin jirgin ban gani ba. Akwai daren da na tsara Kano zuwa Jidda da jirgin A320, tafiyar kusan awa biyar, na zuba wa janareto mai musamman saboda ita, amma minti goman farko gaba ɗaya a jira suka tafi, mai yana ƙonewa ni ina zaune ina kallon hoto.

Abin da na saya Samsung 970 EVO Plus ne mai tera 1, irin NVMe ɗin nan da yake kamar cingam na falle, ana soke shi ne kai tsaye a ramin M.2 na jikin bod, wato babban allon kwamfutar, ba waya ba komai, noti ɗaya ƙwal. A kwali sun rubuta megabait 3,500 a sakan wajen karatu, 3,300 wajen rubutu, na gwada da manhajar auna sauri ta CrystalDiskMark kuma abin da ya ba ni bai yi nisa da haka ba. HDD ɗin nawa in ya yi ƙoƙari sosai bai kai 200 ba. In ka sa shi Windows zai nuna maka giga 931 ne ba 1,000 ba, kada ka tayar da hankalinka ba cutarka aka yi ba, bambancin lissafi ne kawai tsakanin masu ƙerawa da Windows.

Mai shagon ya so ya tura min mai PCIe 4.0, wato samfurin da ya biyo bayan 3.0, yana ta cewa "Yallaɓai wannan 7,000 yake gudu, ninki biyu fa, in ka sa shi jirginka ma sai ya fi sauri." Na ce masa Alhaji bod ɗina B450 ne, ramin nasa 3.0 ne, ko na sa wancan a 3,500 ɗin zai tsaya, kuɗina ne kawai zai yi gudun 7,000. Ya yi dariya ya ɗauko min wanda na ce.

Wani abu da ya kamata ka sani kafin ka fara, kada ka goge wasan ka sake saukewa, data fiye da giga 100 ba wasa ba ce a ƙasar nan. Kwafe foldar da Official da Community suke ciki ka kai sabon faifan, sannan ka nemi fayil ɗin UserCfg.opt ka buɗe da Notepad, can ƙasa akwai layin InstalledPackagesPath, sai ka canja adireshin zuwa sabon wurin. Ni haka na yi, ya tashi lafiya lau ko megabait ɗaya ban sake saukewa ba. Kwafewar ce dai ta ɗau lokaci don tsohon faifan ne yake karantowa da saurinsa na kunkuru.

To ga inda kuɗina ya fito. Buɗe wasan ya ragu da fiye da rabi, shiga jirgi ma haka, yanzu kafin in gyara zama in jawo sandar tuƙi, Cessna 172 tana kan titi na 06 a filin Malam Aminu Kano injin yana kaɗawa. Ba wai ya zama kamar buɗe WhatsApp ba ne, har yanzu akwai jira, domin wani ɓangare na lodin ɗin aikin furosesa ne da kuma magana da sabar Microsoft, faifai ba ruwansa da wannan. Amma jiran da zai sa ka ji ka fasa wasan gaba ɗaya, wannan ya tafi. Kuma mai tara kayan ƙari a foldar Community shi zai fi kowa jin bambancin, ni ina da jirgin A32NX na FlyByWire da fenti-fentin jirage da filaye barkatai, dubban ƙananan fayil ne, kuma a nan ne HDD yake shan wahala, don shi allura ce take yawo a kan faranti tana neman kowane fayil ɗaya bayan ɗaya, kowane nema sai ya ci wajen milisakan 10, SSD kuwa ba abin da yake motsi a cikinsa, nan take yake miƙo maka. Wannan saurin nemo ƙananan abubuwan shi ne sirrin, ba 3,500 ɗin da aka buga da manyan baƙaƙe a kwali ba.

Na biyu kuma wanda ya fi min daɗi ma, in'inar nan ta ragu sosai. Ka san yadda kana gangarowa za ka sauka, ka saita komai, titi yana gabanka, sai hoton ya cije na rabin sakan, ya saki, ya sake cijewa, kafin ka farga ka doka jirgi da ƙasa kamar buhun masara. A da duk lokacin da na tunkari babban fili irin Heathrow na Landan ko na shigo sararin Paris haka nake fama, ina jin faifan yana ƙurr ƙurr a cikin akwati fitilarsa ta kafe a kunne. Wasan yana kwaso gine-gine da fentinsu ne yayin da kake matsowa, in faifan bai miƙo da wuri ba sai komai ya tsaya jiransa. Yanzu wannan nau'in cijewar da wuya in gan shi. Ban ce babu gaba ɗaya ba, akwai wadda intanet take jawowa akwai ta furosesa, amma ta faifan ta kau.

Shi FPS kuwa ga dalilin da ya sa bai motsa ba. Da zarar an gama kwaso kaya an zuba a RAM da ƙwaƙwalwar katin hoto, aikin faifai ya ƙare, saura zane, kuma zanen nan furosesa da katin hoto ne suke yinsa sau talatin ko arba'in a kowane sakan. In kana so ka gani da idonka kunna Developer Mode a cikin setin ka buɗe ma'aunin FPS, zai rubuta maka "Limited by MainThread" ko "Limited by GPU", wato ko dai furosesa ce ta gaza ko katin hoto. Ba za ka taɓa ganin ya ambaci faifai ba. Nawa a manyan filaye kullum MainThread yake nunawa, kafin SSD da bayansa duk ɗaya. Saboda haka wanda jirginsa yake tafiya dingis-dingis a ko'ina har a tsakiyar sahara inda ba gini ko ɗaya, ɗan uwa ba SSD ne maganinka ba, rage setin Terrain Level of Detail, wato yawan ƙawar ƙasa da wasan yake zanawa, tukuna ka gani.

Sai dai akwai mutum ɗaya da zai rantse maka SSD ya ƙara masa gudu kuma ba ƙarya yake ba, shi ne mai RAM giga 8, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta take riƙe aikin da take kai. Wasan yana cinye giga 8 kamar ƙosai, in ta cika sai Windows ya fara ajiye rarar a kan faifai, to in faifan HDD ne ka shiga uku. SSD zai sassauta masa, amma gaskiya in kuɗin abu ɗaya gare ka kuma RAM ɗinka 8 ce, fara cike ta zuwa 16, su kansu masu wasan 16 suka ba da shawara, 32 kuma suka ce shi ne daidai wa daida.

Na je gidan wani abokina da yake da 870 EVO, irin SATA mai waya wanda iyakarsa megabait 560, muka buɗe fili ɗaya da jirgi ɗaya muna kallon agogon waya. Na riga shi shiga, amma da 'yan daƙiƙoƙi ne kawai, abin har ya ɗan ba ni haushi ganin a takarda nawa ya ninka nasa sau shida. Daga HDD zuwa kowane irin SSD nan ne tsallen yake, daga SATA zuwa NVMe taki ɗaya ne. Wanda kwamfutarsa ba ta da ramin M.2 kada ya ji wai an bar shi a baya, ya sa SATA ya huta. Kuma a duba da kyau, ba kowane ramin M.2 ne yake karɓar NVMe ba, musamman tsofaffin laftof, wasu SATA kaɗai suke ɗauka duk da ramin ya yi kama.

Maganar data ma ta shigo ciki. Wasan nan duniyar tasa ba a kwamfutarka take ba, hotunan tauraron ɗan adam na Bing Maps ne masu nauyin wajen petabait 2 suke kan sabar, ana turo maka inda kake shawagi. Akwai wani seti da ake kira Rolling Cache, yana ajiye abin da ka riga ka sauko da shi don kada a sake cin datarka in ka dawo wurin, asalinsa giga 8 ne. A kan HDD kashe shi na yi don ƙara min cijewa yake, yanzu na mayar da shi kan SSD na ƙara masa girma, tunda ni kusan kullum hanyata ɗaya ce, Kano zuwa Abuja in leƙa Dutsen Zuma in juyo, wani lokacin Legas. Wanda ya koma Flight Simulator na 2024 kuwa, wanda ya fito a Nuwamban shekarar, shi giga 50 kawai yake nema a faifai don kusan komai ta intanet yake jawowa, har megabit 100 suka ce shi ne ya fi, to a can layinka ne zai fi ba ka ciwon kai ba faifai ba. Masu X-Plane 12, wani wasan jirgin daban, da suke tara hotunan ƙasa na Ortho4XP su kam tera 1 ma ba za ta ishe su ba.

Abu biyu zan ja kunne a kai. NVMe kowane iri ne yana ɗaukar zafi, in ya yi yawa kuma da kansa yake rage gudu don kada ya lalace, ga shi ramin nasa a bod da yawa dab da katin hoto yake, ga zafin watan Afrilu ɗaki ba AC. Na sa masa ɗan ƙarfen sanyaya mai arha na kuma ƙara fanka ɗaya a gaban akwatin, ina duba zafinsa da CrystalDiskInfo lokaci-lokaci. Sai jabu, kasuwa cike take da su, kwali mai kyau suna mai kyau ciki kuwa wayam, wani ma an rubuta tera 1 alhali ko rubu'in haka bai kai ba. Ni a gaban mai shagon na sa aka soka shi a kwamfutarsu muka buɗe manhajar Samsung Magician ta tabbatar na gaske ne kafin in tura kuɗi. Na asalin garantin shekara 5 gare shi ko rubutun terabait 600, wanda a wasan jirgi ba ka da ranar cinye shi.

Tsohon HDD ɗin yana nan ban yar ba, na bar masa fina-finai da hotunan biki da kwafin foldar Community saboda tsaro. Kuɗin da nake tarawa yanzu na furosesa ne, Ryzen 7 5800X3D nake hari tunda zai hau bod ɗina in na yi ofdet ɗin BIOS, wato manhajar da take jikin bod ɗin, har yanzu ina shiga Heathrow MainThread ɗin nan ja wur yake nuna min.