Wasiƙa daga Jamus: kwalaben da ka ce in aiko wa Baba

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan jikin Baba da sauƙi, Allah Ya ƙara afuwa.

Na ga hoton kwalaben da ka turo, ta kurkur da ta ɓawon inabi, waɗanda aka ce maka suna wanke jijiyoyin jini. Ban saya ba tukuna. Kada ka ce rowa ce, bari ka ji abin da idona ya gane mini a nan da kuma Amurka, inda aiki ya kai ni wata biyu bara.

Wanda ya ce maka kumburi yana da hannu a toshewar jijiya bai yi ƙarya ba. A da ana kallon cutar kamar bututun da maiƙo ya daskare a cikinsa. Yanzu an gane cewa idan kolestirol, wani nau'in kitse da ke cikin jini, ya kutsa bangon jijiya, fararen ƙwayoyin jini na bin sa su haɗiye, wurin ya taru kamar maruru. Ranar da ya fashe, jini ya daskare a kai, sai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Tun 1999 wani masani ɗan Amurka, Russell Ross, ya kira ta cutar kumburi kai tsaye. Har gwajin jini ake yi, CRP, don auna shi. Abin tambaya dai shi ne, wace kwalba ce ke kwantar da kumburin?

A Jamus ba a raina maganin tsirrai. A 1978 gwamnati ta kafa kwamitin masana, Kommission E, ya bi tsirrai ɗari uku da wani abu ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta wanda ke da amfani da wanda babu. Amma kaya kashi biyu ne. Akwai magani mai lambar rajista a jikin kwali, da takarda a ciki mai bayanin yawan da za a sha da illolinsa. Akwai kuma ƙarin abinci, wanda ke jere kusa da sabulu da man goge haƙori a manyan kantuna. Kwalabenka biyu a kashi na biyu suke. A idon doka abinci ne, ba wanda ya nemi kamfanin ya kawo shaidar suna aiki, kuma an hana shi rubuta cewa suna warkar da cuta. Abin da Tarayyar Turai ta yarda a rubuta kaɗan ne. Man zaitun, alal misali, an yarda a ce sinadaransa na kare kitsen jini daga lalacewa, da sharaɗin a samu miligiram 5 nasu a kowane giram 20 na man. Ka ga ko nan ba a ce yana buɗe jijiya ba.

Amurka kuwa sai wanda ya gani. Layi guda daga wannan bango zuwa wancan, kwalba kamar tulu, kowace da hoton zuciya. Dokarsu ta 1994 ta ba da dama a sayar da ƙarin abinci ba tare da hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta amince da shi tukuna ba. Juya kwalbar, can ƙasa da ƙananan haruffa, za ka ga an rubuta cewa ba a yi shi don warkarwa ko rigakafin wata cuta ba. Gaban kwalba na yi maka alkawari, bayanta na wanke hannu.

An ma gwada su. A 2022 asibitin Cleveland Clinic ya raba mutum kusan 200, wasu aka ba su kurkur, wasu tafarnuwa, kirfa, man kifi da makamantansu, wasu ƙwayar bogi da ba magani a cikinta, wasu kuma miligiram 5 na rosubastatin, irin ƙwayar rage kolestirol da likitoci ke rubutawa. Bayan kwana 28 ƙwayar likita ta sauke mugun kolestirol da kusan kashi 38 cikin ɗari. Sauran ba wanda ya fi ƙwayar bogi, kuma CRP bai motsa ba. In faɗi gaskiya, gwajin gajere ne, kuma kamfanin da ke yin ƙwayar ne ya biya kuɗinsa. Amma matsalar kurkumin, sinadarin da ke cikin kurkur, tsohuwa ce: hanji ba ya tsotsar sa sosai. Shi ya sa ake haɗa shi da sinadarin masoro, kuma irin wannan haɗin ne aka danganta da ciwon hanta a Italiya a 2019. Na inabin ma, resberatirol, kamfanin GSK ya zuba dala miliyan 720 a 2008 ya sayi kamfanin da ke bincike a kansa, har yau magani bai fito ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, tsiron da ya fi kowanne shaida ba ya cikin layin nan gaba ɗaya. Wani fure ne mai ruwan shunayya da ke fitowa a filayen Jamus lokacin kaka, dafi ne tsantsa, har ana samun masu mutuwa don sun ɗauki ganyensa a matsayin tafarnuwar daji. Daga cikinsa ake fitar da kolcisin, tsohon maganin ciwon gaɓoɓi. A 2019 masu bincike a Kanada suka ba mutum 4,745 da suka yi bugun zuciya rabin miligiram a rana ko ƙwayar bogi, matsalolin zuciya suka ragu da kashi 23. A 2020 wani gwajin na mutum 5,522 a Ostireliya da Holan ya samu kashi 31. FDA ta amince da shi don cutar jijiyoyi a 2023. Sai ga wani babban gwaji a 2024 bai ga amfaninsa ba, don haka har yanzu likitoci na ja-in-ja. Ba a ba da shi sai da takardar likita, yana sa zawo, kuma mai ciwon ƙoda ko hanta ba ya kusantar sa da ka.

Da na nuna wa mai harhaɗa magani ta unguwarmu hoton, ba ta kalli kwalaben ba ma. Tambayarta ta farko, me dattijon yake sha yanzu? Ta ce idan yana kan asfirin ko wani maganin tsinka jini, kafson kurkur ko na tafarnuwa na iya ƙara masa zubar jini. Na yi shiru, don ban san amsar ba, ni da nake shirin cika jaka.

Don haka Yaya, ka ɗauko duk magungunan Baba ka ɗauki hotonsu gaba da baya, haɗe da sakamakon gwajin ƙodarsa na ƙarshe. Ranar da za ku koma asibiti ka tambayi likitansa ko kolcisin ya dace da shi, kuma idan yana shan ƙwayar kolestirol kada a ajiye ta saboda wata kwalba. Kuɗin da na ware zan turo ranar Juma'a in Allah Ya kai mu, a yi masa gwajin da su. Ka gaida Inna da yara.