Gargaɗi: An cuce ni naira 185,000 da lambar ɗan kawuna

Jama'ar Sakkwato, ku karanta ku tura gaba. Naira 185,000 wani maras tsoron Allah ya karɓe mini ta WhatsApp, kuma rabi ba ma kuɗina ba ne, na abokin cinikina ne da munka haɗa za mu sari albasa a Goronyo mu kawo kasuwar Ramin Kura. 185,000! Har yanzu in na tuna sai in ji abinci ya fita raina.

Tun kafin wani ya zo yana ce mini "ai kai ma da sakacinka", ku tsaya ku ji. Ba baƙuwar lamba ba ce. Lambar ɗan kawuna ce, wadda ke cikin wayata tun yana makaranta, da hotonshi da komi. Yaron da munka tashi gida ɗaya a Mabera. Saƙo ya shigo bayan la'asar: "Yaya, ina wuni? Don Allah rufa mini asiri, maiɗakina na asibiti za a yi mata aiki, bankina ya ƙi tafiya, gobe da safe in mayar maka." Yaya fa ya ce. Haka yake kirana. Kuma kowa a dangi ya san matar tana da tsohon ciki. To wane ne cikinku za a yi wa wanga saƙo ya tsaya bincike? Na tura 120,000 nan take.

Na kira shi mana, kar ku ce ban kira ba. Ta WhatsApp ɗin na kira, aka katse, sai ga rubutu: "Yaya ina gaban likita, ba halin magana." A'a, wannan ma bayan na tura kuɗi karo na biyu ne. Ko kafin? Kaina ya ɗau zafi. Abin da na tabbatar, da na ga sunan asusun ba nashi ba ne na tambaya, ya ce na mai POS ne da ke bakin asibiti, shi zai ba shi tsaba. Mu da muke kasuwa kullum haka muke yi, ka tura wa mai POS a miƙa wa yaronka kuɗi. Mi ya bambanta? Bayan sallar magariba ya dawo wai ana neman jini leda biyu da magani, 65,000. Na ƙara. 120,000 da 65,000, ku lissafa da kanku. Har da "Allah shi saka da alheri Yaya, Allah shi bar zumunci." Wannan addu'ar ita ta fi ƙona mini rai.

Ashe tun da hantsi an ƙwace wa ɗan kawun nawa WhatsApp. Wani ya kira shi da Hausa tsantsa, wai daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, za a yi taro ta intanet da dare, an turo mishi lambobi shida ya karanto a sa sunanshi. Lambobin nan su ne mabuɗin da WhatsApp ke turowa ta saƙon tes in za a buɗe asusunka a wata waya. Yana karantowa aka fitar da shi. Ɓarawon ya shiga zauren danginmu ya zauna shiru yana karanta hirarmu, can ya ga ana yi wa matar sannu, can ya ga yadda yara ke ce mini Yaya. Ya kuma saka tashi lambar sirri ta mataki na biyu, wadda WhatsApp ke tambaya bayan lambobin tes ɗin, sai an jira kwana 7 kafin mai lamba ya iya komawa. Ni ban san komi ba sai da na je gidan bayan isha'i in duba mai jiki, na tarar da ita zaune tana tankaɗen gari. Kunyar da na ji a tsakar gidan nan, Allah kaɗai ya sani.

Kuma ba ni kaɗai ba, an taɓa wata gwaggonmu, ita 30,000. Ita ma mahaukaciya ce? Shekarata nawa ina ciniki da mutanen da ban taɓa gani ba, daga Onitsha har Legas, ba a taɓa cin sisina ba. Na kai ƙorafi banki, na rubuta takarda zan kai ofishin EFCC na nan Sakkwato. Hotunan hirar duk suna nan, da rasit biyu, na 120,000 da na 65,000, zan ɗora su da zarar na rufe lambobin 'yan'uwa da ke ciki. Kai kuma da ka ci kuɗin nan, ban yafe ba, mu haɗu gaban Allah.

Kar ku karanta wa kowa lambar da ta shigo wayarku, ko ta WhatsApp ko ta banki. Ku shiga saiti ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu yau ɗin nan. Wanda ya nemi kuɗi a rubuce, ku kira layinshi kai tsaye ku ji muryarshi, in bai ɗauka ba ku kira matarshi ko maƙwabcinshi.